Yadda Ake Renon Murucin Bisa a Gida

Murucin bisa, wanda wasu ke kira manta uwa, tsiro ne da ke zama a kan bishiya, kuma masana tsirrai sun san shi da suna Ansellia africana, sunan da aka samo daga John Ansell, wani Bature mai tattara tsirrai, wanda ya tsinto shi a tsibirin Fernando Po (Bioko na yanzu, a ƙasar Equatorial Guinea) a shekarar 1841. Yana da karare masu kauri kamar ƙaramin rake, inda yake adana ruwa, furensa kuwa ruwan ɗorawa ne mai ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa kamar fatar damisa. Mutane da yawa suna ɗaukarsa kauci, alhali ba ya tsotsar bishiyar da yake kai. Saiwoyinsa farare sirara ne ke miƙewa sama kamar kwando, su tare ganyen da ke zubowa, idan ya ruɓe ya zama abincinsa.

Wanda ya fahimci wannan ba zai binne shi a ƙasa ba, domin ƙasa tana riƙe laima, saiwar ta ruɓe. A ɗaura shi da igiya a mararrabar reshen mangwaro ko wata bishiya mai kaushin ɓawo, inda ranar safe ke samunsa sosai. Idan a tukunya za a sa shi, a huda ta ta ko'ina, a cika ta da gawayi da gutsattsarin fasasshiyar tukunya da ɓawon itace. Kada a aske saiwoyin nan masu kallon sama don neman tsabta, kuskure ne da nake gani yana ba ni takaici.

Da damina a bar shi ya sha ruwa, muddin yana tsanewa. Da rani kuwa a rage ban ruwa ƙwarai, domin wannan hutun ne ke sa shi fure. A Kamaru, yanayin Ngaundare ya dace da shi, amma a Garwa da Marwa, inda zafin Maris da Afrilu ke da tsanani, sai an ba shi inuwa da rana tsaka, ana yayyafa masa ruwa da asuba.

Irinsa kamar ƙura yake, ba ya tsira sai da taimakon wani naman gwari, wato wani nau'in funfuna, saboda haka ta hanyar rabawa ake yaɗa shi, kowane kashi da karare uku ko huɗu. A nema wurin mai renonsa, ko daga bishiyar da iska ta kayar, domin yawan cirarsa daga daji ya sa yana cikin tsirran da ake fargabar ƙarewarsu.