Kokawar Ƙwari a Kan Tebur: Kurakuran da Sababbin 'Yan Wasa Suka Fi Yi

Kabuto Sumo wasa ne na kan tebur da ake yi da yatsa ɗaya. Tony Miller ne ya ƙirƙiro shi, Kwanchai Moriya ya yi masa zane, sannan wani kamfanin Amurka mai suna BoardGameTables.com, wanda daga baya ya koma Allplay, ya fito da shi kasuwa a 2021. Mutum 2 zuwa 4 ne ke yin sa. Akwai fage mai da'ira da aka ɗaga sama, an cika shi da 'ya'yan katako zagayayyu masu faɗi, ƙanana da matsakaita da manya, ƙwarin 'yan wasa kuma, su ma na katako, suna tsakiya. Idan yi ya zo kanka, sai ka jingina ɗan dakalin turi a gefen fagen, ta duk ɓangaren da ka ga dama, ka ɗora ɗa guda cikin na hannunka, ka tura shi ciki. 'Ya'yan da suka zubo ƙasa sun zama naka. Ka ci wasa idan ƙwaron abokin karawarka ya faɗo, ko kuwa 'ya'yan hannunsa suka ƙare ya rasa abin turawa.

Tushen abin daga Japan yake. A can akwai wani ƙwaro mai ƙaho da ke fitowa a lokacin zafi, mazansa suna faɗa a jikin bishiya saboda ruwan itace da kuma mata. Namijin yakan cusa ƙahonsa ƙarƙashin ɗan uwansa, ya ɗaga shi ya wurgar. Yara suna kiwon su a gida, har a shaguna ake sayarwa. Sai aka haɗa wannan da kokawar sumo, inda fagen bai wuce faɗin mita 4.55 ba, kuma wanda ya fara fita daga da'ira ko wani sashe na jikinsa ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, an kayar da shi. Salon turin kuma an ɗauko shi ne daga injinan tura kwabbai na gidajen wasa.

A nan Bauchi na asalin yana da wuyar samu, sai wanda aka yi wa tsaraba daga waje ko ya yi oda ta intanet. A majalisarmu ta Fadaman Mada muna da na asali guda, da wani da kafinta ya yanka mana. Duk baƙon da ya zauna, kusan wuri ɗaya yake tuntuɓe: yana ɗauka wasan ƙarfi ne, alhali ido da haƙuri ne ke cin sa.

Ɗalli maimakon turi

Wanda ya taso yana buga ƙwallon marfin kwalba a ƙasa, ko ya saba da sinuka, hannunsa ya riga ya koyi harbi. Da ya ɗora ɗa a kan dakali sai ya lanƙwasa yatsa ya ɗalle shi. Wannan ya saɓa wa dokar wasan, kuma ko da bai saɓa ba, asara ce. Ɗan da aka harba yana hawa kan 'yan uwansa, ko ya yi tsalle ya bar fagen ba tare da ya motsa komai ba. Abin da ake so shi ne turi ɗaya, a miƙe, a hankali, har ɗan ya shige fagen gaba ɗaya, sannan ka ɗauke yatsa.

Gyaran yana cikin zama. Kafa gwiwar hannunka a kan tebur, ka sa tsokar yatsa a bayan ɗan, ba farce ba, kuma ba a samansa ba. Mai danna ɗa daga sama yana ƙara masa nauyi, sai ya riƙa tafiya yana cijewa, daga nan hannu ya karkace. Akwai kuma masu sauya hanya a tsakiyar turi idan suka ga abin bai tafi yadda suke so ba, su ɗan murza yatsa hagu ko dama. Wannan ha'inci ne ko da mutum bai yi niyya ba, kuma shi ya fi kawo musu. Ka gama duba layinka kafin ka taɓa ɗan.

Nufar ƙwaron abokin karawa kai tsaye

Nan ne ya kamata a daɗe, domin nan wasan yake.

Sabon ɗan wasa yana hango ƙwaron abokinsa, ya saita dakali daidai da shi, ya tura babban ɗa, ya zauna yana jiran faɗuwa. Sai ya ga ƙwaron ko gezau, 'ya'yan da ke tsakani sun watse gefe da gefe. Dalili shi ne 'ya'yan zagayayyu ne. Idan ɗa ya tura ɗa, ƙarfin yana bi ne ta layin da ya haɗa tsakiyar wannan da tsakiyar wancan. In ɗanka ya shiga tsakanin guda biyu, ƙarfin ya rabu biyu, kowanne ya kama gabansa. Bayan layi uku ko huɗu, abin da zai isa wurin ƙwaron ɗan kaɗan ne, wataƙila ma ta wata fuska ce daban da wadda ka nufa. Kamar cunkoson ƙofar kasuwar Wunti ne ana gobe sallah: ka tura na gabanka, amma na can gaba bai san ana yi ba, saboda na tsakiya duk sun zame inda suka ga sarari.

Saboda haka kafin ka zaɓi wurin jingina dakali, sunkuya ka kawo idonka daidai da fagen. Abu biyu kake nema. Na farko, jerin 'ya'yan da ke manne da juna, tsakiyarsu kusan a layi ɗaya, tun daga baki har jikin ƙwaron. Irin wannan jeri yana kai turi kusan cikakke. Na biyu, giɓi. Duk sararin da ke kan hanya sai ya cike kafin wani abu ya motsa a bayansa, don haka giɓi mai faɗin ƙaramin ɗa yana iya shanye turinka duka.

Na ga wata yarinya 'yar firamare ta nuna wa kawunta wannan. Ƙwaronsa yana kusa da baki, kowa yana jiran ta turo daga ɗaya gefen fagen, ta tsakiya. Sai ta zagayo da dakalin kusa da shi, ta ɗauki matsakaicin ɗa ta cusa shi a karkace tsakanin ƙwaron da wani babban ɗa da ke tokare da tarin 'yan uwansa. Babban ɗan bai da wurin matsawa, ƙwaron ne kaɗai ke da sarari, sararin kuma waje ne. Ya ce, "Ke, wa ya koya miki wannan?" Ta ce, "Kawu, ai can cike yake, nan ne babu kowa." Abin da ta gani shi ne gaskiyar wasan: abu yana tafiya ne inda ba a tokare shi ba.

Wani abin da ake mantawa, ba dole ne kowane turi ya zama na kayarwa ba. Sau da yawa turi biyu ko uku kake yi don cike giɓi da jera hanya. Hatsarin shi ne abokin karawarka ma yana gani, kuma yana iya amfani da hanyar da ka gyara ta wata fuskar. Don haka ka tambayi kanka: in na bar fagen haka, me zai samu?

Mantawa da ƙwaronka

Ƙwarin suna farawa ne kusa da juna, don haka turin da ke kai nasa baki sau da yawa yana tafiya da naka. Na sha ganin mutum yana murna ya matsar da na abokinsa, bai lura nasa ne a gaba ba. Duba naka tukuna. In ya kusa baki, ka jingina dakali a bayansa ka mayar da shi ciki, ko da hakan bai kawo maka ɗa ko ɗaya ba.

Almubazzaranci da 'ya'ya

Mutane da yawa ba a kayar da ƙwaronsu, hannunsu ne ke ƙarewa. Kowane yi yana cin ɗa guda, in babu abin da ya zubo, ka ragu. Wanda ya dage da turi ta tsakiya, inda hanya ta fi tsawo kuma giɓi ya fi yawa, zai yi ta ciyar da fagen, abokinsa yana kwashewa. Idan ka ga saura biyu a hannunka, bar ƙwaro ka nemi abinci. Zagaya ka duba 'ya'yan da suka leƙo baki, rabin jikinsu a waje, ka yi gajeren turi ta gefen da'ira, inda 'ya'ya biyu ko uku kawai ke tsakaninka da su.

Babban ɗa kuma ba na buɗe wasa ba ne. Ɗan da ya ninka wani a faɗi, wurin da yake ci ya ninka sau huɗu, ba sau biyu ba, shi ya sa yake ture abubuwa da yawa. Amma a farkon wasa ƙwarin suna tsakiya, nesa da baki, ba abin da zai yi musu. Ka tura shi, bayan yi biyu ya faɗo a hannun abokinka. Riƙe shi sai fage ya matse, ƙwaro ya kusa baki.

Akwai kishiyar wannan, kuma ni ta fi ɓata mini rai: mutum biyu su koma tsintar 'ya'yan gefe kawai, kowa yana tsoron kai hari. Wasan da bai kamata ya wuce minti 20 ba sai ya kai har a kira magariba ba a gama ba, masu jiran layi sun gaji sun tashi. Tara 'ya'ya don ka kai hari ne. In hannunka ya cika, shiga.

A na asalin, kowane ƙwaro yana da katinsa da 'ya'ya na musamman masu siffa daban, kuma akwai sharaɗin da za ka cika kafin ka yi amfani da su. Sababbi ko dai su manta da katin, ko su ruga su biya farashin tun hannunsu bai yi kauri ba. A fara koyo ba tare da katunan ba. In hannu ya faɗa, a kawo su, a karanta wa kowa da Hausa kafin a soma.

Tebur da kayan wasa

Wani lokaci laifin ba na ɗan wasa ba ne. Teburin roba mai rawa, ko benci a kan ƙasa marar daidai, yana sa 'ya'ya su riƙa gangarawa gefe guda, wanda ya gane gefen ya yi ta ci. Ɗora kofi cike da ruwa a kan teburin, ka duba ko ruwan ya karkata, ka sa takarda a ƙarƙashin ƙafar da ta gaza. A kan tabarma ko katifa kuwa kada ma a fara. Kuma kowa ya janye gwiwarsa daga ƙafar tebur idan wani yana turi.

Ƙurar hunturu tana sa fage ya yi kaushi, 'ya'ya su riƙa tsayawa suna zabura. Goge shi da busasshen ƙyalle kafin a zauna, ba jiƙaƙƙe ba, musamman na asalin da fagensa kwali ne mai kauri. Da damina kuma, wajen Agusta, laima tana kumbura katako tana lanƙwasa kwali, sai a ajiye kayan a cikin kwalinsu nesa da bango da ƙasa.

Masu zuwa wurin kafinta, wajen kasuwar Muda Lawal ko a unguwa, ga inda ake yawan kuskure. Kafinta ya saba yi wa faranti baki don kada abu ya zube, in ba ka faɗa masa ba zai yi wa fagen gefe, wasa ya mutu. Ka ce masa, "Malam, a bar shi sumul, ba baki, kuma tsayin ɗan dakalin ya zo daidai da na fagen." Ko ɗan bambanci kaɗan ne, ɗa zai riƙa tuntuɓe a mashiga. 'Ya'yan kuma kaurinsu ya zama ɗaya, manya da ƙanana, gefensu a tsaye. In sun yi siriri ko aka goge gefen ya yi sulɓi, hawa juna za su riƙa yi. Yanka mulmulallen katako masu faɗi daban-daban, irin sandar tsintsiyar mofa da ƙotar fartanya, yana ba da girma uku cikin sauƙi. Marfin kwalba bai dace ba, haƙoransa suna sarƙewa, na roba kuma ba shi da nauyi. Kada a shafa wa saman fagen fenti mai sheƙi, yana danƙo a zafin Maris da Afrilu. Samfefa mai laushi ta wadatar. Wanda ba ya son sassaƙa siffar ƙwaro a gidansa, ya shafa wa 'ya'ya biyu launi daban, ja da kore, wasan bai canza ba.

Abin da ba a yanke ba tun farko

Ɗa ya hau kan wani, a bar shi ko a sauke? Wani ya girgiza tebur 'ya'ya suka zubo, na wa ne? Ƙwari biyu sun faɗo a turi ɗaya, wa ya ci? Masu na asali su duba takardar dokoki, masu na kafinta su yanke tun kafin a tura ɗan farko. Mu a wurinmu, abin da ya zubo saboda girgiza ana mayar da shi bakin fage, ɗan da ya hau wani kuma ba a taɓa shi.

Kuɗi kada su shigo. Da an ce "a sa ɗari biyu don ya yi armashi," ya zama caca, haramun ce, kuma yaran da aka kawo wasan dominsu su ne za a fara kora daga teburin. Haka nan kada labarin Japan ya sa yara su fita kamo buzuzu ko wasu ƙwari su haɗa su faɗa, na katakon ya ishe su.

Ƙananan 'ya'yan suna shiga bakin mai rarrafe, kuma a wasan nan kullum suna zubowa ƙasa suna gangarawa ƙarƙashin kujera. A ƙirga su kafin a fara, a sake ƙirgawa kafin a rufe kwali. Idan babba zai kara da yaro, maimakon ya riƙa yin kuskure da gangan, wanda yaro yana ganewa kuma ba ya jin daɗi, ya ba shi ƙarin ɗa ɗaya ko biyu tun farko, sannan ya yi wasansa tsakani da Allah.