Yadda Babbar Ƙungiya Za Ta Shigar da Matashin Ɗan Ƙwallo Cikin Manya Ba Tare da Ta Karya Shi Ba

Kusan kowace babbar ƙungiyar ƙwallon ƙafa tana da makarantar renon yara, amma kaɗan ne daga cikinsu ke kai yaran har cikin tawagar manya, domin kocin da ya san rashin nasara uku a jere na iya raba shi da aikinsa ya fi natsuwa da ɗan wasa mai shekara talatin da aka sayo da tsada. Barcelona ta fi yawancin ƙungiyoyi ƙarfin hali a wannan fanni, kuma tarihinta ya ƙunshi abin koyi da abin gudu, shi ya sa za a dogara da ita a wannan bayani.

Aikin yana farawa ne shekaru kafin yaro ya taka filin manya. Wajibi ne ƙananan tawagogin ƙungiya su riƙa wasa da salo ɗaya da na manya, ta yadda yaron da aka ɗauko ba zai tarar da sabon darasi ba, sai dai ƙarin sauri da ƙarfin jiki. La Masia, wadda ta zama masaukin yaran Barcelona tun 1979, a kan wannan aka gina ta. Pep Guardiola ya horar da tawaga ta biyu a kakar 2007/2008, kuma da aka ba shi manya a 2008 ya taho da Sergio Busquets da Pedro, saboda ya riga ya san abin da za su iya. A watan Nuwamba na 2012, a wasa da Levante, an kai lokacin da duka 'yan wasa goma sha ɗaya da kocin Barcelona Tito Vilanova ke da su a fili renon La Masia ne. Don haka kocin manya ya riƙa zuwa kallon wasan yara da idonsa, kada ya dogara da rahoto kawai.

Bayan haka sai a kira yaron atisaye tare da manya na tsawon watanni, a ga yadda yake ɗaukar taka da tsawa, sannan a zaɓar masa ranar farko da hankali. Wasan gida da aka riga aka yi nisa a ci ya fi dacewa, kuma tun da aka tabbatar da dokar canza 'yan wasa biyar a wasa ɗaya a 2022, koci ba shi da hujjar cewa babu gurbi. Kocin Barcelona na lokacin, Xavi, ya saka Lamine Yamal ranar 29 ga Afrilu, 2023, yana ɗan shekara 15, a mintunan ƙarshe na wasa da Real Betis wanda aka tashi 4-0. Lionel Messi ma, bayan Frank Rijkaard ya fara saka shi a gasar La Liga ranar 16 ga Oktoba, 2004, wasa bakwai kacal ya buga a gasar a wannan kaka, kuma sai a watan Mayu na 2005 ya zura ƙwallonsa ta farko. A saka yaro a gurbin da ya saba, kusa da gogaggen da zai riƙa yi masa magana, kada a tura ɗan tsakiya ya tsare baya don kawai wani ya ji rauni. Idan kuma ya yi kuskuren da ya jawo aka zura ƙwallo, a sake saka shi a mako mai zuwa, domin mayar da shi benci nan take yana koya masa tsoro, kuma mai tsoro ba ya neman ƙwallo.

Wurin da ƙungiyoyi suka fi faɗuwa shi ne bayan yaron ya haskaka. Da zarar magoya baya sun fara kiran sunansa, sai a manta cewa jikinsa bai gama ƙwari ba. Pedri yana ɗan shekara 18 ya buga wa Barcelona wasa 52 a kakar 2020/2021, ya wuce gasar ƙasashen Turai tare da Sifaniya, daga can ya tafi wasannin Olamfik na Tokyo, har jimillar wasanninsa ta haura 70. Kakar da ta biyo baya ya kwashe watanni yana jinyar ciwon cinya. Ansu Fati, wanda ya fara wasa a 2019 yana ɗan shekara 16, ya ji rauni a gwiwa a watan Nuwamba na 2020, aka yi masa tiyata fiye da sau ɗaya, amma da ya dawo a 2021 sai aka ɗora masa riga mai lamba 10 da Messi ya bari. A ganina wannan nauyi ne da bai kamata a aza wa yaron da ke fitowa daga jinya ba. Abin da ya dace shi ne tun farkon kaka koci da likitocin ƙungiya su zauna su yanke adadin mintunan da yaro zai buga, su hana shi wasa uku a cikin mako guda, su kuma tattauna da hukumar ƙwallon ƙasarsa don kada a kira shi gasa biyu a hutu ɗaya. Sannan a tsaya a kan wannan shawara ko da ana neman maki ido rufe, domin a irin wannan lokaci ne ake karya ta.

Lafiyar zuciya ma tana buƙatar irin wannan kulawa. Bojan Krkić ya shiga manyan Barcelona a 2007 yana ɗan shekara 17, kuma daga baya ya bayyana da bakinsa cewa matsanancin fargaba ne ya hana shi zuwa gasar ƙasashen Turai ta 2008. A rage wa yaro hira da 'yan jarida, a bar shi ya ci gaba da karatu, a kuma samar masa ƙwararren da zai iya gaya wa damuwarsa ba tare da tsoron rasa gurbi ba.

Shugabannin ƙungiya su ma suna da nasu aikin, wato kada su sayo ɗan wasa a gurbin da suke renon yaro su toshe masa hanya. Idan babu gurbi a yanzu, aro mafita ce, muddin ƙungiyar da za ta karɓe shi za ta riƙa saka shi. Harry Kane ya je aro Leyton Orient da Millwall da Norwich da Leicester kafin ya zauna a Tottenham, yayin da Guardiola ya ƙi ba da aron Phil Foden a Manchester City, ya gwammace ya koya a atisaye kusa da gogaggen ɗan wasa David Silva. Wanda ke buƙatar gogayya da ƙarfin jiki ya tafi aro, wanda ke buƙatar ƙwarewa a salon gida ya zauna.

A ƙarshe a kiyaye doka. FIFA ta hana ɗauko yaron da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa sai bisa wasu sharuɗɗa kaɗan, kuma a 2014 ta hukunta Barcelona kanta da haramcin sayen 'yan wasa saboda saɓa wannan. Haka kuma kwantiragin ɗan ƙasa da 18 ba ya wuce shekara uku. Dokar hana ɗauko yaro daga wata ƙasa tana buɗe wa ƙungiyoyin gida dama, kamar yadda Ahmed Musa ya zura ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010 yana ɗan shekara 17, kafin ya koma VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Ƙungiyar da ta saka irin wannan yaro da wuri, ta kuma yi masa rajista da takardun haihuwa na gaskiya, tana da haƙƙin karɓar kuɗin reno a ƙarƙashin tsarin FIFA idan ya tafi waje.