Yaron da ba ya son rubutu: inda muke ɓata lamarin

Akwai yaron da in ya fara ba ka labarin yadda akuyar maƙwabta ta shiga lambu, sai ka roƙe shi ya yi shiru. Amma miƙa masa fensir ka ce ya rubuta layi uku, nan take fitsari ya matse shi, ko fensirin ya ɓace, ko ciki ya murɗa. A gida sai a ce ƙiwuya ce. Na daɗe ina koyar da 'yan aji uku da huɗu na firamare, kuma abin da na gani shi ne yawanci mu manya ne muka dasa masa ƙin.

Mafi muni shi ne mayar da rubutu horo. Yaro ya yi surutu, a ce ya rubuta "ba zan ƙara ba" sau 100. Yatsunsa su sage, 'yan'uwansa na waje suna wasa. Gobe kuma a zo ana mamakin ya tsani biro. In laifi ya yi, a ba shi shara ko a hana shi fita wasa, amma a cire takarda daga cikin maganar.

Sai jan biro. Nan ne malamai masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna, ni ma na yi. Yarinya ta zauna ta cika rabin shafi kan ranar da aka haifi ƙaninta, ta kawo tana murmushi, ka mayar mata da shi ja-jawur: nan ba lanƙwasa, can an haɗe kalmomi, can babu aya. Ba ka ce komai ba game da jaririn. Abin da ta koya a ranar shi ne duk wanda ya yi dogon rubutu ya tara kurakurai, don haka gobe layi biyu za ta kawo. Gyaran shi ne ka fara karantawa a matsayin mai jin labari. Ka tambaye ta wa ya raɗa masa suna, me aka dafa. Bayan nan ka ɗauki kuskure guda ɗaya tak, ka bar sauran zuwa wani mako. In lanƙwasa ce matsalar, kada ka yi dogon bayani, ka karanta mata abin da ta rubuta daidai yadda ta rubuta shi. Ta so ta ce "baƙi sun cika ɗaki", ka karanta "baki sun cika daki". Dariyar da za ta yi ta fi jan layi goma aiki. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya: mu nawa ne muke sa ƙ da ɗ da ɓ a saƙonnin da muke turawa ta waya?

Wani kuskuren da ba a cika lura da shi ba shi ne ɗora wa yaro kaya biyu a lokaci guda. Da Hausa yake tunani, da ita yake faɗa, da ita yake mafarki, amma ranar farko da aka ce ya tsara magana a takarda, da Turanci aka ce, ko da Faransanci in a Maraɗi ko Damagaram yake. Yana neman abin faɗa, yana kuma neman kalmar faɗinsa. Ko malamin allo bai yi haka ba: sai yaro ya zaunu a babbaƙu ake kai shi farfaru. A bar shi ya fara zuba labarin da Hausa. In ma ajami ya fi saurin zuwa hannunsa, ya yi da shi. Wanda ya saba fitar da abin da ke ransa a takarda, sauya harshe ba ya yi masa wuya kamar wanda bai taɓa yi ba.

Batun ma da ake ba su abin dubawa ne. Kowace shekara "yadda na yi hutuna", alhali yaron bai je ko'ina ba, tallan gyaɗa ya yi ko kiwo. Sauran lokacin kuma kwafar abin da ke kan allo ne, har ya ɗauka rubutu shi ne kwafi. Rubutu yana son mai karantawa. Uwa ta ce, "Abba, zo rubuta mana cefane," kuma a tafi kasuwa da takardar tasa. Ya rubuta wa kakarsa ta ƙauye wasiƙa, a ba direban mota ya kai, a karanta mata, ta aiko da amsa ko da ta baki ce. Ya riƙe lissafin kuɗin asusunsa. Ya rubuta dokokin langa don a daina gardama. Da azumi ya rubuta waƙoƙin tashen da za su yi. Wanda ya fi taurin kai, ka ce ya ba ka tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi kana rubutawa, in an zo daidai inda asirin Gizo zai tonu, ka ajiye biron ka ce hannunka ya gaji. Da wuya ya bar ta ba ƙurunƙus.

Kwatanta shi da wani kuwa, "dubi na ƙanwarka, naka kamar kaji sun yi tono," a daina kawai.

Na bar maganar bahago daga baya don ita ce ake samun saɓani a kanta. Cin abinci da karɓar abu da hannun dama ladabi ne, a koya masa. Rubutu daban. Yaron da aka doke wa hannun hagu har ya koma dama yakan yi rubutu a hankali, ya gaji da wuri, sai a ce ba ya so. A bar masa hannunsa, a karkatar da saman takardar zuwa dama, a zaunar da shi a ƙarshen benci ta hagu don gwiwar hannunsa ta daina karo da ta maƙwabci. Haka nan a duba ko ciwon a jiki yake. Mai manna fuska a littafi ko ƙanƙance ido in yana kallon allo, a kai shi a gwada idonsa. Mai damƙe fensir kamar taɓarya, a ba shi guntun fensir mai kauri, ya kuma riƙa zana manyan haruffa a kan rairayi ko da gawayi. Juya b da d abu ne da aka saba gani har wajen shekara 7. In ya kai 8 ko 9 yana yi, kuma karatu ma na ba shi wahala, a zauna da malaminsa a nemi wanda ya san harkar.

Lokaci ma kada a tsawaita. Minti 10 bayan la'asar, kafin gari ya yi duhu, ya isa. A saya masa ƙaramin littafi nasa na kansa, daban da na makaranta, a yi masa alkawarin ba mai sa jan biro a ciki, kuma ba mai buɗewa sai shi ya kawo.