Darasi na 6: Riƙe Yadi Kafin a Hau Keke

A darasin baya mun yanka yadi. Yanzu ga gaban riga, ga bayanta. Idan kuka kai su keken ɗinki haka nan, na sama zai zame ya bar na ƙasa, ku iso ƙarshe ku tarar gefe ɗaya ya fi tsawo. Dole a riƙe su tukuna da abin da za a cire daga baya, bai bar tabo ba.

Abin da aka fi amfani da shi shi ne fil. Ku shimfiɗa yadin a tabarma ko tebur, fuska na kallon fuska, baki ya dace da baki. Ku fara soka fil a ƙarshen nan da ƙarshen can, sannan tsakiya, sai ku cike sauran wurin, tazarar kamar yatsu huɗu. A soka shi a gicciye, kansa na kallon waje, don hannu ya same shi da sauƙi. Kuma ya tsaya a ɗan bakin nan da ake bari wa ɗinki, wajen santimita 1 da rabi. Ko ya bar huda, cikin riga za ta ɓuya.

Kada allurar keke ta hau kan fil. Tana iya karyewa, guntun ya yi tsalle zuwa ido. Kuna zuwa kusa da shi, ku tsaya ku zare.

Atamfa ba ta da rigima, kowane fil mai tsini ya ishe ta. Shadda mai maiƙo da siliki kuwa sai siririn fil sabo, don mai kauri yana barin huda, dakusasshe kuma yana jan zare. Mai tsatsa a zubar da shi, kada a ji ƙyashinsa. Da damina ƙarfe ke saurin tsatsa, kuma tabonta a farar shadda ba ya fita da sabulu. Fil mai kan roba yana narkewa idan dutsen guga ya taɓa shi.

Fata da yadin leda ba a soka musu komai, hudarsu ba ta rufewa. Su ana matse bakinsu ne. Ɗan maƙalin shanya ma yana yi, amma a sa ƙyalle a ƙarƙashinsa kada haƙoransa su fito a jiki.

Leshi fa? Fil zubewa yake ta ramukansa. A nan ɗinkin riƙo ya fi: allurar hannu, zare mai launi dabam da yadin, a yi taku manya-manya ba ƙulli a ƙarshe. An gama a keke, sai a ja zaren ya fito. Teloli masu sauri suna raina shi, amma wajen ɗora hannun riga babu kamarsa.

In za a gwada riga a jikin mutum, musamman yaro, a sa fil mai makulli. Kuma kada ku riƙe fil a baki. Tari ɗaya ya isa ya wuce maƙogwaro. Ku ɗinka 'yar jaka ku cusa mata auduga ku riƙa soka su, wanda ya faɗi ƙasa kuma maganaɗisu zai tsinto shi.

Aikin gida: ku samo ƙyalle biyu na atamfa. Ku riƙe gefe ɗaya da fil, ɗaya gefen da ɗinkin riƙo. Ku zo da shi aji mako mai zuwa, tare da allura da zare.