Yadda za ka tsara rubutun labarin kanka na GST 111 tun daga zaɓen batu har miƙa takarda

Duk wanda ya shiga aji ɗaya a Jami'ar Jihar Gombe (GSU) ko ta Kashere ko ATBU ta Bauchi ya san akwai kwas ɗin Turanci da ba mai tsallake shi, wato GST 111, ko injiniya kake karantawa ko lissafi ko aikin gona sai ka zauna masa, a kwalejojin ilimi kuma irin FCE ta Gombe GSE suke ce masa. To a cikin asaimen ɗin da lakcarori ke bayarwa akwai wanda ɗalibai suka fi rainawa, shi ne a ce ka rubuta labarin wani abu da ya faru da kai da kanka, irin su ranar da ba zan taɓa mantawa ba, ko mutumin da ya canja min rayuwa, ko ranata ta farko a jami'a. Sai ka ji ana cewa ai wannan ba sai an yi karatu ba, a bar shi sai daren da za a miƙa, daga nan a ɗauko waya a nemo na wani a intanet ko a ce ChatGPT ya rubuta. Wallahi abin yana damuna, don wannan ne asaimen guda da kai kaɗai a duk ajin kake da kayan aikinsa, ba wanda ya yi rayuwarka sai kai.

Fara da karanta abin da aka ce ka yi, a nutse. Kalmomi nawa ake so, da hannu za a rubuta a fulskaf ko bugawa za a yi, yaushe za a karɓa kuma wa zai karɓa, kilas ref ne, wato wakilin aji, ko ofis za a kai. In ba ka gane ba ka tambaya a aji, kar ka dogara da abin da aka turo a guruf ɗin WhatsApp don sau da yawa maganar tana canjawa kafin ta iso gare ka.

Sai zaɓen batu, kuma nan ne mafi yawa suke faɗuwa. Mutum zai ce bari in ba da tarihina, an haife ni a Kumo, na yi firamare a kaza, na yi sakandare a kaza, na zana JAMB na samu admishan, alhamdulillah. Wannan ai fom ne ka cike. Shekara goma sha tara ba za ta shiga cikin kalmomi 600 ba sai dai a jero ta a guje, mai karatu kuma ba abin da zai gani. Abin da ake so ka ɗauki abu ƙarami, wuni ɗaya, ko ma awa ɗaya, wanda bayansa wani abu ya sauya a yadda kake kallon kanka ko kallon wani. A ce babanka yana da rumfa a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe, wata rana zazzaɓi ya kwantar da shi ya ce kai za ka zauna a rumfar, ka auna wa wata tsohuwa masara ta ce mudun bai cika ba, maƙwabcin rumfa ya taso ya nuna maka yadda baba yake tara hatsin ya yi tozo kafin ya juye, a ranar ka gane me ya sa mutane ke wuce rumfuna biyar su zo wajen baba. Ka ga wannan labari ne cikakke, kuma duka bai wuce tsakanin azahar da la'asar ba. Ko a ce ke ce kika yi ta soya awara a ƙofar gida har kika tara kuɗin rajistar jarabawa, kar ki ba mu watannin duka, ki ba mu daren da kika zazzage asusun a kan tabarma kina ƙirgawa, mama tana daga gefe tana yi kamar ba ta kallo.

Yadda za ka samo irin wannan shi ne ka ɗauki takarda ka rubuta abubuwa kamar goma da kake yawan tunawa, ba tare da ka tace ba, da Hausa ma in ka ga dama ko da Fulatanci ko Tangale ko duk harshen da kake tunani da shi. Sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kanka, kafin wannan abu me na ɗauka, bayansa kuma me na gane. Wanda amsarsa ta fito fili shi ne batunka. Wanda ba ka da amsa a kansa ka ajiye shi ko da ya fi sauran armashi, irin tafiyar da aka kai ku Yankari kuka yi wanka a Wikki, an ji daɗi ƙwarai amma in ba abin da ya sauya a ranka to hotuna ne kawai.

Akwai wata matsala tamu ta gida da ba a cika faɗinta a aji ba, ita ce kunya. An tashe mu ba ma yabon kanmu, ba ma fitar da maganar cikin gida, wasu ko sunan mahaifi ba sa iya kamawa, sai ga shi an ce ka zauna ka yi ta cewa ni, ni, ni a takarda. Shi ya sa yara da yawa suke gudu su koma wa'azi, maimakon su faɗi abin da ya faru sai su cika shafi da cewa ilimi hasken rayuwa ne, iyaye abin girmamawa ne. Gaskiya ne duka, amma lakcara ya karanta irinsa sau ɗari kafin ya iso kan taka. Ni a ganina kunyar nan ba abin yarwa ba ce, iyaka ce mai kyau in ka san inda za ka sa ta. Abin da ya shafe ka, tsoronka, kuskurenka, hawayenka, naka ne kana iya faɗa. Abin da ya shafi asirin wani, rikicin aure a gidanku, bashin da ake bin kawu, ciwon da wata ba ta so a sani, wannan ba naka ba ne kai kaɗai, ko dai ka nemi izini, ko ka canja suna da unguwa, ko ka bar shi gaba ɗaya ka ɗauki wani batun. Ka tuna takardar nan hannu da yawa za ta bi kafin ta isa teburin malam, wani lokacin ma a ce ka tashi ka karanta a gaban aji.

In ka tsayar da batu kar ka fara rubutu tukuna. Kunna rikoda a wayarka ka ba da labarin da baki kamar abokinka kake ba wa a majalisa, minti huɗu ko biyar, sai ka saurara. Za ka ji inda muryarka ta ɗaga da inda ka tsaya ka yi shiru, to nan ne zuciyar labarin, nan za ka fi daɗewa a rubutun. Daga nan ka yi tsari a rabin shafi: ina zan fara, me mai karatu ke buƙatar sani kafin ya gane, mene ne ainihin abin da ya faru, me ya biyo baya. Magini ma sai ya ja igiya kafin ya ɗora bulo. In kalmomi 600 aka ce, ka bar wa gabatarwa kamar 80, bayanin baya kamar 100, ainihin lamarin ya cinye 300 ko fiye, sauran na ƙarshe. Yawanci ɗalibai juya abin suke yi, su ƙarar da shafi guda suna shiri, in an zo wurin da ya kamata a tsaya sai su gama shi a layi biyu.

Wajen rubutun farko ka zauna ka yi shi a zama ɗaya, kar ka tsaya neman babbar kalma a ƙamus kuma kar ka goge komai, ko Turancin ya karkace ka ci gaba. Ka fara daga cikin lamarin, misali da maganar tsohuwar nan cewa yaro mudun nan bai cika ba, daga baya ka gaya mana waye kai da yadda aka yi ka zauna a rumfar. Kuma ka nuna mana abin da idonka ya gani. Kar ka ce kasuwa ta cika maƙil ka wuce, ka ce ƴan dako suna ta a ba su hanya da buhu a ka, ƙurar gero ta shiga maka hanci, hannunka yana rawa da ka ɗauki mudun. Kar ka ce na ji kunya, ka ce na kasa ɗaga kai na kalle ta. In akwai maganar Hausa da aka faɗa wadda in an mayar da ita Turanci za ta mutu, ka bar ta yadda take ka yi bayaninta a jimla ta gaba, ba laifi ba ne. Karin magana ma haka, amma guda ɗaya ya isa.

Sannan ka ajiye shi ya kwana, shi ya sa nake cewa kar a bari sai daren ƙarshe. Washegari ka karanta da ƙarfi, duk inda numfashinka ya ƙare kafin jimla ta ƙare ka raba ta biyu. Ka tuna yadda ake duba insha'i a WAEC, inda ake son kalmomi kamar 450, ana raba makin ne tsakanin abin da ka faɗa, da tsarinsa, da yadda ka sarrafa harshe, da tsabtar rubutu wato sifelin da alamomi, kuma sarrafa harshe ne ke da kaso mafi girma. Malaman jami'a da yawa da irin wannan idon suke dubawa. Mu Hausawa akwai wuraren da aka san muna zamewa a Turanci, ka bi su musamman: labarin da ya riga ya wuce ka riƙe shi a lokacin da ya wuce tun daga farko har ƙarshe, kar ka fara a jiya ka tsinci kanka a yau a tsakiyar sakin layi, sannan ka duba duk kalmar da ke da p ko f don bakinmu yana musanya su hannu kuma ya bi baki. Ka ba wani ya karanta, amma kar ka tambaye shi ko ya yi kyau, zai ce ya yi kyau don kara. Ka ce masa ya gaya maka a jimla ɗaya me ya gane labarin yake cewa, in abin da ya faɗa ba shi kake nufi ba to da sauran aiki.

Sakin layi na ƙarshe shi ma ka duba shi da kyau, in ka ga ya koma nasiha ga matasa da kira ga gwamnati ka yanke shi, ka tsaya a kan abin da kai ka gane ko abin da ka yi daban washegari.

In bugawa aka ce a yi, yawanci Times New Roman ne lamba 12 da tazara biyu tsakanin layuka a takardar A4, sai dai in malam ya faɗi wani abu daban. Ka je shagon buga takardu da wuri don ranar miƙawa layi ne kuma wuta tana iya ɗaukewa, in wani ne ya buga maka ka tsaya ka karanta a kan kwamfutar kafin ya fitar, masu bugawa suna sauri suna cinye kalmomi. Ka tabbatar sunanka da lambar rajista da sashenku suna shafin farko, ka ɗauki hoton kowane shafi a wayarka, kuma in akwai takardar sa hannu wajen kilas ref ka sa hannu kafin ka bar wurin.