Kafin ku sayi tsohuwar bindigar Fensilfeniya mai ƙyastu

Jama'a, ga mai sha'awar tara dogayen bindigogin nan na Amurka, waɗanda maƙera 'yan asalin Jamus suka fara ƙerawa a yankin Lankasta na Fensilfeniya tun shekarun 1700: ku fara da zura sandar ɗuri cikin bututun, sannan ku gwada tsawon da ta shiga daga waje. In ba ta kai ƙarshe ba, wataƙila akwai tsohon ɗuri a ciki, kuma albarushi yakan tashi ko ya shekara ɗari.

Inda aka fi cin kasuwar mutane kuwa shi ne wajen ƙyastun, wato sashen da ke tayar da wutar harbi. Daga shekarun 1830 an mayar da da yawansu masu aiki da 'yar hular tagulla mai tayar da wuta idan an buge ta, daga baya dillalai suka sake mayar musu da dutsen ƙyastu don kuɗinsu ya ƙaru. Ku haska ramin da wuta ke bi zuwa albarushi. In kun ga alamar toshi ko walda, ko katakon wajen ya ƙone alhali ƙarfen fes yake, to an taɓa ta. Ba laifi a saya, amma ba da farashin ta asali ba.

Sunan maƙeri, irin su Jacob Dickert, a saman bututu ake nemansa. Wanda ke jikin ƙyastu sau da yawa na masu shigo da shi daga Ingila ne.

Don Allah kada ku goge tagullar jikin bindigar ta yi ƙyalli. Wannan dusashewar tana cikin abin da masu saye ke biya.