Masu koyon katun na yara, ku daina zane kafin ɗaukar murya

Wallahi na gaji da maimaita maganar nan ga samarin da ke zuwa koyo wurina. Mutum ya samu kwamfuta, ya sauke manhajar yin katun irin su Blender ko Krita tunda kyauta ne, sai kawai ya hau zane, murya kuma wai sai daga baya.

Ni ma ta ci ni. Katun ɗina na farko na minti 3 ne a kan wanke hannu da sabulu, ko da zane 12 kake yi a daƙiƙa ɗaya ka ga ya haura zane 2,000, na kwashe wata biyu a ɗakina a Tudun Wada ina fama da ɗauke wuta, sai da na gama tas sannan na kira yarinyar da za ta yi muryar. Tana cewa "sabulu" bakin katun a rufe, ta yi shiru shi kuma yana ta motsi. Rabin aikin haka na zubar, kuɗin man janareta ya tafi a banza. Yanzu murya nake fara ɗauka, in gyara ta a Audacity, manhajar gyaran sauti, in ɗora zanen gwaji na fensir a kai, sannan motsin baki ya bi murya.

Kuskure na biyu, cusa darasi da yawa. Kai malam, a minti 3 kana so ka koyar da ƙidaya da tsafta da gaida manya, wa'azi ka zo yi? Abu ɗaya tak, a maimaita shi sau uku, da ƴar waƙa in da hali. Ni kafin in kai wa gidan talabijin sai na tara yaran gidanmu na kunna musu a waya, ban cewa komai, fuskarsu kawai nake kallo. Daidai inda ƙaramar ta miƙe ta nufi tsakar gida, nan nake yankewa.

Kada gardi ya maƙale murya wai shi yaro, yara na ganewa, ku nemi izinin iyaye ku ɗauki na gaskiya. A kashe fanka lokacin ɗauka. Ku duba salon rubutun da kuka zaɓa ko yana da ƙ da ɗ da ɓ, kar ku koya wa yaro "kofa" a maimakon "ƙofa". Talabijin ɗinmu firem 25, wato hoto 25, yake so a daƙiƙa, ku saita tun farko. Aikin kuma a kwafe shi a filas ɗin kwamfuta duk dare kafin a kwanta.